Inda 'Yar Garka Ta Ɗebo Laka

Kwana tara ke nan rabonmu da ruwa, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. In na shimfiɗa tabarma a ɗaki sai in ji kamar ana kirana a tsakar gida, in na fito tsakar gida sai in tsaya ina kallon gabas. Matar Auta ta ce, "Inna, ki zauna mana, ƙafarki za ta kumbura." Na zauna don in faranta mata rai, na jawo littafin da jikata ta bar sauran shafuka a cikinsa, na ce bari in rubuta abin da ya hana ni sakat, tunda Allah ya sa na koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye 'ya'yana. Abin da ya hana ni zama gero ne, irin gidanmu, wanda wani kaso nasa yake cikin ƙasa yanzu yana jiran ruwa. Ba kuma za ni iya ba da labarin geron nan ba sai na fara da wata tsuntsuwa da ban san sunanta na littafi ba.

A gidanmu 'yar garka muke ce mata, domin ba tsuntsuwar fili ba ce. Ba a ganinta a kan tudu cikin sabara, sai inda akwai inuwa mai kauri da damshi, irin garkar mahaifinmu, wato lambunsa, da ke bakin fadama a ƙauyenmu na ƙasar Sabon Birni. Ta fi gwara girma, ba ta kai kurciya ba. Bayanta launin toka ne da ya sha ƙasa, gefen cikinta ja-ja kamar tukunyar da ba ta gasu sosai ba, maƙogwaronta da 'yan zane-zane. Abin da ke tona ta shi ne baki, rawaya kamar garin ɗorawa. Ba don bakin nan ba, sai mutum ya wuce ta cikin busasshen ganye bai sani ba. Tafiyarta ma daban ce. Ta ruga taku uku ko huɗu, ta tsaya cak, ta karkata kai kamar mai satar jin magana a bayan danga, sai ta caka baki a ƙasa ta zaro tana. Ganyen mangwaro da ya zube kuwa watsa shi take yi, hagu da dama, kamar mace mai neman allura cikin tsumma. Tana cin gara, tana cin 'ya'yan ɓaure da na dogon yaro in sun nuna. Akwai wani dutse kusa da rijiyarmu inda take kai dodon koɗi ta yi ta buga shi har ya fashe, kullum akan ishe ɓawon a warwatse a wurin.

Duk tsawon rani shiru take yi, sai ɗan "cak, cak" in an firgita ta. Amma in bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda mutum ke jin numfashinsa da nauyi, gizagizai sun fara taruwa da yamma suna watsewa, sai a ji waƙarta. Daga baya na gane namijin ne ke yi, mu dai duka 'yar garka muke ce musu. Yakan hau can ƙololuwar ɓaure bayan sallar asuba, kafin gari ya gama wayewa, ya rera wani ɗan gajeren sauti mai sanyi, ya maimaita shi sau biyu ko uku, ya sake wani, ya maimaita, ya sake wani. Ba ya gaggawa. A lokacin nan in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana iya rarrabe kowane sauti: ga dakan gidan maƙwabta, ga kukan jigo yana sunkuyawa cikin rijiya yana tasowa, ga karatun ɗalibai daga zauren malam, ga kuma shi can sama da su duka. Yanzu a nan garin Isa abin da ke tashe ni injin niƙa ne da babura, da yaran mota masu kiran Sakkwato. Ban ce zaman nan ba shi da daɗinsa ba, an karɓe mu hannu biyu. Kunnena ne dai bai daina neman abin da ya saba ba.

Ni ce babba a ɗakinmu, don haka ni ke bin Baba garka. Shi yana jan jigo yana juye guga a bakin hanyar ruwa, ni ina gaba da 'yar fartanya ina buɗe wa ruwa fangalin albasa, in ya ƙoshi in toshe in buɗe na gaba. Aikin ba wuya, amma ba a ɗauke ido. In an cire albasa, rijiya ta ja baya, sai a daina ban-ruwa, garka ta koma wurin inuwa kawai. Ni dai ban daina zuwa ba, don ni ke tsinto mangwaro da ɗebo wa awaki ganye. Saboda haka ne Kaka, uwar Baba, ta ɗora mini wani aiki da nake ji da shi fiye da kowane: tsaron 'yar garka.

Ga yadda abin yake. A ƙasarmu ruwan farko yakan zo da ƙarfi ya ruɗi mutane, a fita a zuba iri, sannan sama ta ɗauke har tsiro ya ƙone. Kowane gida da abin da yake dubawa kafin ya yi shuka. Wasu su tona ƙasa da yatsa, wasu su jira ruwa na biyu. Kaka kuwa tsuntsuwar nan take kallo. Gidan 'yar garka kamar ɗan ƙoƙo yake, tana saƙa shi da ciyawa da saiwoyi a tsakanin rassa, sannan ta shafe cikinsa da laka kamar yadda mace ke yaɓe murhu. Lakar kuma wuri ɗaya take samu a garkarmu, wani ɗan kwari a gindin ɓaure, wanda da rani yake bushewa ya tsattsage, ba ya laushi sai ƙasa ta sha ruwa har ciki. Kaka takan ce, "Ita ba ta da rumbu. Ba ta gina gida sai ta tabbata akwai tanar da za ta ba 'ya'yanta. Ran da kinka ga laka a bakinta, ki zo ki hwaɗa min." Shekara da shekaru a kan haka gidanmu ke shuka, ba mu kuma taɓa sake iri ba.

Irin kuwa ba a wasa da shi. Gero ne mai gajeren kai, mai gashi a jikin zangarniya, wanda tsuntsaye ba sa son sauka a kansa. Yana riga na kowa nuna, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ana auna tuwo da hankali. Furarsa kuma in ta kwana ba ta yin tsami da wuri. Kaka ta ce daga gidan ubanta ta zo da shi. Kowace kaka ita da kanta ke zaɓen zangarniyar iri, ta ɗaure, ta barbaɗa toka, ta rataye a cikin rumbu inda ko kaza ba ta kai. Akwai kuma al'adar gidan: duk 'yar da za a kai ɗakin miji, ana auna mata mudu ɗaya na irin nan a sa cikin kayanta.

To ni, zaman tsaron nan ya sa na shaƙu da tsuntsuwar. Ina son in gan ta kusa, ita kuwa da na motsa sai ta tashi. Wata rana na wanke mangwaro a gindin ɓaure na zubar da ruwan a kwarin nan, bayan wata babbar saiwa. Washegari na ishe ta a wurin tana caccakar damshin. Tun daga ranar, kullum in na zo sai in ɗebi ƙwarya biyu daga ɗan ruwan da ya rage a rijiya in tsiyaya a wurin, in koma gefe in zauna. Har ta saba, takan zo kusa da ni kamar taku biyar, ina ganin ƙwayar idonta. Ban gaya wa kowa ba, don na san Baba zai yi faɗan ɓarnar ruwa. Ban kuma taɓa kawo wa raina cewa abin da nake yi yana da alaƙa da aikin da aka ba ni ba.

Ruwan farko na waccan shekarar da la'asar ya zo, da iska da tsawa, ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara muka yi ta tsalle a ciki. Da safe Baba ya je gona ya tona, ya dawo yana cewa damshin bai wuce tsawon yatsa ba, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kwana biyu bayan haka ina zaune a wurina sai ga 'yar garka ta sauko, ta cika baki da laka, ta tashi zuwa reshen mangwaro. Ta dawo, ta sake. Ban tsaya ɗaukar kwandona ba, na ruga gida.

Kaka tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Da idonki kinka gani?"

Na ce, "Da idona, Kaka. Har sau huɗu."

"Laka, ba ciyawa ba?"

"Laka ce, baƙa."

Ta ajiye mazari ta ce a kira mata Baba. Ya zo ya durƙusa, ya ce, "Inna, ni dai ƙasar ba ta yi min ba." Ta ce, "Yatsanka ya fi bakinta sani ne? Sauke iri." Ya tashi ya nufi rumbu.

Washegari muka fita gaba ɗaya, Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Maƙwabcin gonarmu, abokin Baba tun yarinta wanda muke ce wa Baffa, ya zo ya jingina da kalgo yana kallonmu.

Ya ce, "Sannu da aiki. Sarkin noman naku mai fiffike ya ba da izini ke nan?"

Baba ya ce, "Ya bayar. Kai kuma zauna nan har ruwa ya shigo ɗaki ya gaishe ka."

"Ni ai talaka ne, ba ni da tsuntsu. Ka roƙa min shi ya leƙo tawa gonar in ya samu sarari."

Aka yi dariya. Kafin azahar ɗin rana ta biyu mun zuba irin duka, ko ƙwaya ba a rage ba. Ni kuwa ina tafe ina jin kaina kamar ni na kawo damina.

Ya tsiro da kyau, layi-layi, kore shar. Sai sama ta yi fes. Kwana biyar, kwana goma. Da yamma hadari ya haɗu a gabas, a fito a tsaya, iska ta zo ta kwashe shi. Tsiron ya fara nannaɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Wajen kwana ashirin Baba ya murza ɗaya a tafin hannunsa ya zama gari. A duk kwanakin nan 'yar garka tana kwance a kan ƙwai abinta. Na hau na leƙa lokacin da ta tashi kiwo: guda uku, shuɗi-shuɗi da ɗigon ja. Ina kuma ci gaba da zuba mata ruwa, don har lokacin ban gane ba.

Baffa bai sake yin ba'a ba. Ya zo ya ce wa Baba in ruwa ya dawo ya zo ya ɗebi iri a wurinsa. Don haka ba maganar yunwa ake yi ba, gero dai za a samu. Namu ne ya tafi. Wata safiya na kawo wa Kaka kunu na ishe ta zaune ba ta kaɗi, tana cewa Baba, "Tsuntsuwar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ni ce dai na tsufa, na sa ka zubar da abin da ubana ya ba ni. Daga bana kada ka ƙara jin tawa a kan shuka." Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. A nan tsaye da kwanon kunu abin ya faɗo mini gaba ɗaya, kamar an ɗaga murfi: lakar da na gani a bakinta, ni na kwaɓa ta.

Sai da Baba ya fita na iya buɗe baki na faɗa wa Kaka abin da na yi. Ta ɗauki sandarta ta ce in wuce gaba. Tafiyar da nake yi a guje, ranar sai da muka huta sau biyu. A gindin ɓaure ta caka sanda a bayan saiwar, ta nutse. Ta matsa taku ɗaya ta caka, ƙasa ta yi ƙara kamar dutse. Ta daɗe tana kallon wurin.

Ta ce, "Ita ba ta yi ƙarya ba. Laka ta samu, ta gina. Ke ma ba ƙarya kinka yi ba, rabin magana kinka kawo. Ni kuma ban tambaye ki inda ta ɗebo ba." Ta dafa kafaɗata don ta juya. "Gobe in an aike ki dubo abu, ki dubo har inda ya fito."

Na yi zaton Baba zai doke ni. Da ya ji, sai ya shafa gemunsa, ya ce, "Ɗauko ƙwarya da faifai. Gobe za mu Unguwar Lalle, ke za ki yi bayani da bakinki." A can yayarsa take aure, wadda muke ce wa Gwaggo. Mun fita da sassafe, shi a gaba ni a baya, gonaki hagu da dama duk jajir, bai ce mini uffan ba sai sau ɗaya da ya tambaya ko ƙaya ta soke ni.

Gwaggo mace ce mai baki. Tana ganin ƙwaryar ta gane. Ta ce, "Ikon Allah. Babban manomi da kansa, ya zo roƙon iri wurin mace?" Baba ya sunkuyar da kai yana murmushin dole. Ta ce, "Ran da anka kawo ni gidan ga, wane ne ya ce mudun geron nan nauyi kawai ya ƙara wa jaki?" Ya ce, "Yaya, yarinta ce." Ta ce, "Yarintar dai ba ta bar gidanku ba, ga alama." Sannan na durƙusa na faɗi abin da na yi. Ta saurara har ƙarshe, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ashe ke ce mai yi wa tsuntsu ban-ruwa. To ya biya ki da mi?" Ta shiga rumbu. Su ba su yi shuka ba, mijinta mai jiran ruwa na biyu ne. Ta sauko da damin irinta ta raba biyu daidai, ta ɗora mini rabi a kai. Ta ce wa Baba, "Ka gaya wa Inna abin da ta ba ni ya dawo gaishe ta."

Ruwa ya dawo bayan kwana huɗu, na gaske, wanda ya kwana yana zuba. Muka shuka na Gwaggo a rabin gona, na Baffa a rabi. Amfanin shekarar bai kai na kullum ba, amma Kaka ta samu zangarniyar da ta zaɓa. 'Ya'yan tsuntsuwar kuwa uku aka ƙyanƙyashe, uwa da uba suna ta jigilar tana, ɗaya ne kawai ya tashi. Sauran sun fito cikin fari, abincin bai ishe su ba. Ita ma ashe na cuce ta. Shekarar da ta biyo, Kaka ta sake ba ni tsaron. Da na kawo labari ta ce, "Daga ina ta ɗebo?" Na ce daga tsakiyar kwarin, na kuma caka sanda a wuri uku. Da aka tashi kai ni ɗakin miji, ita ta auna mini muduna da hannunta, tana rawar tsufa, rabi na zuba a faifai.

Shekaru masu yawa na shuka shi a gonar mijina, Allah ya jiƙansa. Sai zaman ƙauye ya gagara. Ba za ni tsaya faɗin abin da kowa a ƙasar nan ya sani ba. Mutanen daji sun hana noma, an ƙone rumbuna, har da na ƙanena da ya gaji gidanmu. 'Ya'yan Gwaggo sun watse, wasu sun ƙetara Nijar, na aika an tambaya, babu wanda ya fito da iri. Ni ranar da muka taso na bar tukwanena da gadona, na ɗauko gwangwanin da na sussuke irin a ciki. Iyakar sanina, shi ne ya rage. Damina biyu yana ƙarƙashin gadona a nan Isa ba mu da inda za mu zuba shi. Iri kuma ba ya jira har abada. Bara na jiƙa tsumma na sa ƙwaya goma, bakwai suka tsiro. Bana na sake, biyar.

Bana Allah ya sa wani dattijo ya ara wa Auta 'yar gona a bakin gari, inda ake iya zuwa a dawo da rana. Auta shi ne ƙaramin 'ya'yana, yanzu da iyalinsa, a gidansa nake. Da ruwan farko ya sauka ya shigo jikinsa na ɗiga, ya ce, "Inna, fito da gwangwanin nan. Gobe kowa zai fita."

Na ce, "Ka ba ni kwana biyu."

"Kwana biyu na mi? An hwaɗa a rediyo damina ta kama."

"Za ni dubo wani abu."

Ya yi dariya, don ya san labarin. "Inna, nan birni ne. Sarkin noman naku bai yi hijira da mu ba."

Amma ya yi. Na bi bayan gari inda ake da itatuwan mangwaro, ina tafe ina tsayawa, mata masu ɗibar ruwa suna kallona kamar na ɓata. A rana ta biyu da sassafe na ji shi. Sauti ɗaya, sau uku, sannan ya sake wani. Na tsaya na kasa kunne. Na bi muryar har na ga macen a ƙasa, baki rawaya cike da laka. Zuciyata ta ce in juya in ruga gida kamar wancan karon. Na tsaya dai na bi ta da ido. Ta kai, ta dawo, ta sauka a bayan famfon burtsatse, inda ruwan da ke zuba daga jarkoki ya taru ya yi caɓi rani da damina. Na matsa gefe na caka sandata. Damshi bai kai tsawon yatsa ba.

Na dawo ina tunani. A garin da kowace unguwa ke da famfo, bakin 'yar garka ba zai ƙara gaya wa kowa komai ba. Abin da Kaka ta sani ya ƙare a kaina. Sai kuma na tuna ba tsuntsuwar ce ta cece mu a waccan shekarar ba, mudun da aka sa a kayan Gwaggo ne. Nan na ji kunya ta kama ni. Ina da ɗiya ɗaya mace, tana aure a Sakkwato, mijinta tela. Da za a kai ta na ɗauko mudu, ta ce, "Inna, mi za ni yi da gero a birni?" Ni kuma na mayar, don kada in ƙara mata kaya.

Na zazzage gwangwanin a faifai na kasa uku. Na ce wa Auta, "Wannan ka shuka gobe, tunda ranka ya ƙi jira, wataƙila kai ke da gaskiya. Wannan ya koma ƙarƙashin gado. Wannan ka kai tasha a ba direba ya kai wa yayarka."

Ya ce, "Ita da ko fartanya ba ta da ita?"

Na ce, "Tana da maƙwabta."

Na bi shi gonar, ya sara na jefa, na rufe da diddigena kamar da. Ya tsiro, ba duka ba, da giɓi-giɓi. Sai sama ta ɗauke. Jiya da na je da azahar na ga ganyen ya fara nannaɗewa. Auta ya daina zancen rediyo, in ya shigo sai ya kalli gabas ya kalle ni, ya wuce ɗaki.

Ina cikin rubutun nan ɗazu matar Auta ta miƙo mini waya. Ɗiyata ce. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Inna, kin sa ni aiki. Na ari fartanya har ana yi min dariya, wai matar tela ta koma noma." Ta ce su can an yi ruwa sau biyu a makon nan, ta zuba shi layi uku a jikin katangar bayan gida, ta kewaye da tsohon gidan sauro saboda kaji.

Na ce, "Ya fito?"

Ta ce, "Ya fito. Har na ƙirga, sai na rikice."

Na ce ta bar ƙirga. In ya yi kai, kada ta taɓa manyan zangarniyar, za ni zo da kaina in nuna mata yadda ake zaɓe, da yadda ake sa toka. Na ce kuma ta fara neman mudu, don 'yarta ta fari ta kusa aure.

Yanzu la'asar ta yi, gabas ta ɗan yi duhu, ko da yake jiya ma haka ta yi. Matar Auta ta ga ina neman sandata ta ce, "Inna, ina kuma?" Na ce za ni gona in dawo. Ta bayan famfo za ni bi, in ga ko 'yar garka ta kwanta a kan ƙwai.